Hangen Dala Ba Shiga Birni Ba: Leƙen Ƙasa Daga Sama da Tambayar Dusashewar Birnin Angkor

Gabatarwa

A arewa maso yammacin ƙasar Kambodiya, tsakanin tsaunin Kulen da babban tafkin Tonle Sap, akwai shimfiɗaɗɗen filin da ya ɗauki birnin Angkor, cibiyar daular Khmer tun daga ƙarshen ƙarni na 9 har zuwa ƙarni na 15 na Miladiyya. Wanda ya san wurin ta hoto, abin da ya sani shi ne hasumiyoyi biyar na Angkor Wat, da manyan fuskokin dutse na Bayon, da saiwoyin itatuwan da suka shaƙe bangayen Ta Prohm. Duk waɗannan wuraren bauta ne. Birnin kansa, wato gidajen da mutane suka kwana a ciki da kasuwanninsu, har ma da fadar sarkinsu, da katako da gora da jinka aka gina mafi yawansa, damina da gara kuwa sun daɗe da cinye su. Saboda haka manazarta suka shafe fiye da shekara 100 suna nazarin birni ta hanyar duban wuraren bautarsa kaɗai.

Fasahar leƙen ƙasa daga sama ta sauya wannan hali a cikin shekaru 30 da suka wuce. Ra'ayin wannan maƙala shi ne cewa fasahar ta cancanci duk yabon da ake yi mata wajen fito da girman birnin da tsarinsa, amma an fara ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta, wato amsa tambayar lokacin da birnin ya dusashe da dalilin dusashewarsa. Taswira tana iya nuna madatsar ruwan da ta ɓalle. Abin da ba ta iya faɗa shi ne ko madatsar ce ta ɓalle sannan mutane suka tashi, ko kuwa mutane ne suka tashi sannan ta ɓalle. A kan wannan jerantawa ma'anar tarihin Angkor gaba ɗaya ta rataya.

Yadda Aka Hango Birnin

Tun a shekarun 1930 masana na cibiyar Faransa mai nazarin Gabas Mai Nisa, irin su Victor Goloubew, suka fara amfani da hotunan jirgin sama wajen bin sawun tsofaffin ganuwoyi da magudanan ruwa. Sai dai kyamara ba ta ganin abin da ke ƙarƙashin ganye, ga shi kuma yaƙe-yaƙen da suka mamaye Kambodiya daga 1970 sun rufe fagen bincike na kusan shekara 20. Da aka dawo aiki, sai aka dawo da sababbin kayan aiki. A 1994 kumbon Endeavour ya ɗauki hoton yankin da na'urar rada, a 2000 kuma wani jirgin hukumar NASA ya sake ɗaukarsa da rada mai kaifin gani. Aka haɗa waɗannan da aikin ƙafa da Christophe Pottier ya yi a kudancin filin, har a 2007 Damian Evans da abokan aikinsa na Jami'ar Sydney da hukumar APSARA ta Kambodiya suka wallafa taswirar da ta rufe kusan murabba'in kilomita 3,000. A cikinta aka ga mazaunin mutane mai faɗin fiye da murabba'in kilomita 1,000, wanda hanyoyi da magudanai suka sarƙe shi wuri guda.

Babban tsalle ya zo ne da na'urar laida. Ana ɗaura ta a jikin jirgi, tana harba ɗigon hasken leza zuwa ƙasa dubun dubbai a cikin daƙiƙa guda, tana kuma auna lokacin da kowane ɗigo ya ɗauka kafin ya dawo. Mafi yawansu daga ganyaye da rassa suke dawowa, amma kaɗan sukan sulale ta kafofin da ke tsakanin ganye su taɓa ƙasa. Daga nan kwamfuta za ta tace, ta zubar da abin da ya dawo daga itatuwa da gine-ginen zamani, ta bar siffar doron ƙasa tsirara, har ɗan tudun da bai kai gwiwa ba ya fito fili. A 2012 jirgi mai saukar ungulu ya auna murabba'in kilomita 370 ta wannan hanya a Angkor da Kulen da Koh Ker. A 2015 aka faɗaɗa aikin zuwa murabba'in kilomita 1,910, har ya haɗa da Longvek da Udong, biranen da suka gaji sarauta bayan Angkor.

Abin da ya bayyana ya wuce tsammani. A cikin ganuwar Angkor Thom, wadda Sarki Jayavarman na VII ya gina a ƙarshen ƙarni na 12 mai tsawon kilomita 3 a kowane ɓangare, an ga tituna sun gitta juna a miƙe sun yanka birnin unguwa-unguwa. Wannan tsari bai tsaya a bakin ganuwa ba, ya zarce waje ya mamaye kimanin murabba'in kilomita 35. A cikin harabar Angkor Wat, inda mai tafiya a ƙasa ba ya ganin komai sai daji, an ga ɗaruruwan tuddai a jere, kusan kowanne da kududdufinsa a gefe. Ƙasar da aka haƙa daga kududdufin ita aka tara aka yi tudun, a kan tudun kuma aka kafa dirkokin gida. A kan tsaunin Kulen, inda nakiyoyin da yaƙi ya bari suka daɗe suna hana shiga, an gano shatar birnin Mahendraparvata, wanda rubuce-rubucen kan dutse suka danganta da Jayavarman na II da kafuwar daular a 802. Babu mai adalcin da zai raina wannan nasara.

Tatsuniyoyin da Taswira ta Rushe

Labari biyu suka daɗe suna mulkin tarihin Angkor. Na farko shi ne na ɓataccen birni, wanda ya samu gindin zama daga littafin tafiye-tafiyen Bafaranshe Henri Mouhot, da ya ziyarci wurin a 1860. Turai ta karanta littafin a matsayin labarin gano abin da duniya ta manta, kuma hakan ya dace da bukatar Faransa, wadda ta shimfiɗa ikonta a kan Kambodiya a 1863. Alhali kuwa Mouhot ya tarar da limaman addinin Buda suna zaune a Angkor Wat. Tun kafin shi, wani limamin Kirista ɗan Fotugal, António da Madalena, ya je wurin a 1586. Sarki Ang Chan ya sa an ƙarasa wasu zane-zanen bangon Angkor Wat a tsakiyar ƙarni na 16, kuma wani maziyarci ɗan Japan ya bar rubutunsa da tawada a jikin ginshiƙi a 1632. Wurin da ake ƙarasa wa zane, ake kuma zuwa ziyara daga Japan, da wuya a kira shi ɓatacce.

Labari na biyu shi ne na bugu ɗaya: wai a 1431 rundunar Ayutthaya, daular da aka kafa a ƙasar Tailan ta yau a 1351, ta ci birnin, jama'a suka watse suka gudu kudu. Wannan shekara ta samo asali ne daga wani kundin tarihin sarakunan Ayutthaya da aka tattara a 1680, kimanin shekara 250 bayan aukuwar abin. Kundayen sarakunan Kambodiya da suka tsira sun fi wannan ma zama na baya-bayan nan, kuma masanin tarihi Michael Vickery ya nuna yadda suke saɓa wa juna a kan wannan zamani. A nan laida ta yi aiki mai kyau. Idan da gaske dubun dubatar mutane sun kwarara kudu a lokaci guda, ya kamata a ga manyan unguwanninsu a kewayen sababbin biranen sarauta. Awon 2015 bai nuna irin wannan ba. Longvek tana da ganuwarta da tsarinta, amma babu alamar cunkoson da zai ɗauki jama'ar Angkor.

Sabon Labari: Ruwa, Fari da Ambaliya

Da tsofaffin labarai suka raunana, sai wani ya taso ya maye gurbinsu, kuma taswirar ce ta haife shi. Abin da ya fi ɗaukar ido a hoton sama shi ne aikin ruwa. Tafkin yamma da aka haƙa a ƙarni na 11 yana da tsawon kilomita 8 da faɗin fiye da kilomita 2, na gabas kuma bai gaza shi da yawa ba. Daga arewa, magudanai suna tare ruwan da ke gangarowa daga Kulen suna karkatar da shi, a tsakiya tafkuna da gwalalai suna riƙe shi, a kudu kuma dogayen magudanai suna rarraba shi ko su zubar da rararsa a Tonle Sap. Kogin Siem Reap da ke ratsa wurin a yau shi kansa asalinsa magudana ce da hannu ya haƙa. Tun a 1979 Bernard-Philippe Groslier ya kira Angkor birnin da rayuwarsa ta dogara a kan sarrafa ruwa, ya kuma yi zargin cewa wuce gona da iri wajen cin amfanin ƙasa ne ya kashe shi. Wasu masana sun yi masa gardama cewa tafkunan na addini ne, ba su da alaƙa da ban ruwa. Gano mashigai da mafitan ruwa a jikinsu ya mayar wa Groslier da wani ɓangare na martabarsa.

Taswirar ta kuma nuna tabon rauni. Akwai madatsun da suka ɓalle, da wuraren da aka yi gyara a kan gyara, da magudanan kudu da yashi ya cike. Kogin Siem Reap ya ci ƙasa ya nutse mitoci da dama ƙasa da tsohon matsayinsa, ta yadda ruwansa ba zai iya hawa tsofaffin mashigai ba. Sai ga wata shaida daga nesa. A 2010 Brendan Buckley da abokan aikinsa suka wallafa nazarin layukan shekara da ke cikin gungumen wasu tsofaffin itatuwa na tsaunukan kudancin Biyetnam. Layin shekarar ruwa yakan yi faɗi, na shekarar fari ya tsuke. Suka ga fari na gomman shekaru a tsakiyar ƙarni na 14 zuwa ƙarshensa, da wani mafi gajarta amma mai tsanani a farkon ƙarni na 15, a tsakaninsu kuma damuna masu ruwa fiye da kima. A 2018 Dan Penny da wasu suka gwada tsarin magudanan a kwamfuta, suka nuna cewa ɓarna a 'yan mahaɗai kaɗan na arewa tana iya bin sauran tsarin ta lalata shi ɗaya bayan ɗaya.

Idan aka jera waɗannan, labarin yana faɗar kansa: birni ya yi girman da ya fi ƙarfinsa, ya ɗaure rayuwarsa da tsarin ruwa mai sarƙaƙiya, yanayi ya juya masa baya, tsarin ya karye, birni ya mutu. Labari ne mai daɗin ji, yana da hoto mai launi da zai raka shi, kuma yana magana kai tsaye da fargabar wannan zamani game da sauyin yanayi. Shi ya sa jaridu da shirye-shiryen talabijin suka rungume shi. Daɗin jin nan ne kuma ya kamata ya sa manazarci ya dakata.

Abin da Laka ta Faɗa

Babban raunin hoton laida shi ne ba ya ɗauke da lokaci. Yana tattara aikin shekara 600 ya shimfiɗa shi a fuska ɗaya, tamkar allon da aka yi ta rubutu a kansa ba tare da an wanke na baya ba. Tudun da aka zauna a ƙarni na 10 aka bari a na 11 yana fitowa kafaɗa da kafaɗa da wanda aka tayar a ƙarni na 13, babu abin da ya bambanta su a ido. A wasu wurare ana iya gane cewa wannan hanya ta yanke waccan magudana, saboda haka ta zo bayanta, amma wannan yana ba da jeri ne kawai, ba ya ba da shekara. Ɓallewar madatsa ma haka take. Hoton yana nuna giɓin, amma giɓin da ambaliya ta yi wa madatsar da ake kula da ita da wanda ta yi wa madatsar da aka yi watsi da ita shekara 50 kamanninsu ɗaya.

Don samun lokaci, dole a sauko ƙasa. A 2019 Penny da abokan aikinsa suka wallafa sakamakon lakar da suka zaro daga gwalalon da ya kewaye Angkor Thom, kusa da ƙofar kudu. Laka irin wannan tana taruwa ne shekara bayan shekara, tana binne ƙurar furanni da burbushin gawayi da ƙasar da ruwa ya zaizayo, kuma ana iya auna shekarun kowane mataki nata. Inda mutane suke da yawa, ana samun gawayin girki da ƙonon daji da alamun sare itatuwa. Abin da suka gani shi ne waɗannan alamu sun fara raguwa tun daga shekarun farko na ƙarni na 14, kuma kafin ƙarnin ya ƙare ciyayin fadama masu yawo a kan ruwa sun rufe gwalalon, alamar cewa an daina yashe shi.

Wannan sakamako yana da nauyi idan aka ɗora shi a kan sauran ranaku. Jakadan Sin, Zhou Daguan, ya zauna a birnin daga 1296 zuwa 1297, ya kuma bar bayanin birni mai cike da dukiya da kasuwanni da bukukuwa. Ke nan cikin tsawon rayuwar mutum ɗaya bayan tafiyarsa, zuciyar birnin ta fara yin sanyi, gabanin manyan fare-faren da itatuwan Biyetnam suka adana, kuma fiye da shekara 100 kafin 1431. Idan haka ne, jerin ya juya. Masu mulki da masu dukiya ne suka fara janye jiki, kulawa da magudanai ta ragu, sannan fari da ambaliya suka tarar da tsarin da babu mai tsaya masa. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Rundunar Ayutthaya ita ma, in ta zo a lokacin da aka ce, bango ta tarar a tsage.

Me zai janye manyan gari daga birni irin wannan? Amsoshin da suka fi ƙarfi suna cikin abubuwan da jirgi ba ya gani. Cinikin teku da ƙasar Sin ya bunƙasa, kuma bayanan daular Ming sun nuna jakadun Kambodiya suna kai da komowa a ƙarshen ƙarni na 14 da farkon na 15. Mahaɗar kogunan da ke Phnom Penh ta fi Angkor kusa da wannan ciniki nesa ba kusa ba. Addini ma ya sauya. Tafarkin Theravada na addinin Buda, wanda Zhou Daguan ya ga limamansa masu askakken kai da rawayen tufafi, ya watsu a tsakanin jama'a, kuma wuraren ibadarsa na katako ne a kan ɗan dandamali. Don a fahimci girman wannan sauyi, a tuna cewa rubutun dutsen Ta Prohm na 1186 ya lissafa mutum 12,640 masu hidimar wannan wurin bauta kaɗai, da ƙauyuka 3,140 da ke ciyar da shi. Manyan wuraren bauta su ne rumbunan daular da ofisoshinta. Da dukiya ta daina bi ta cikinsu, sai aka daina gina su da dutse, aka kuma daina sassaƙa rubutu da harshen Sanskirit. Shirun dutse a ƙarni na 14 na iya zama alamar sauyin abin da mutane suka ɗauka da muhimmanci, tun kafin ya zama alamar talauci.

Tonon da Alison Carter da Miriam Stark da abokan aikinsu na Kambodiya suka yi a tuddan harabar Angkor Wat ya ƙara wa hoton sarƙaƙiya. Sun sami ramukan dirkoki da murhu da fasassun tukwane, abin da ya tabbatar da cewa tuddan gidaje ne kamar yadda laida ta sa aka zata. Amma awon shekaru ya nuna zaman ya yi sanyi na wani lokaci, sannan aka sake zama daga ƙarshen ƙarni na 14 ko farkon na 15, aka ci gaba har ƙarni na 17 ko na 18. Wato a daidai lokacin da ake cewa birni yana faɗuwa, wasu suna kafa gida a tsakiyarsa. Irin wannan ya faru a Koh Ker, inda sarauta ta zauna daga 928 zuwa 944. Laida ta nuna doguwar madatsa mai kimanin kilomita 7 da ta ɓalle, aka yi saurin danganta ɓallewar da ƙarshen birnin, sai lakar tafkunan wurin ta nuna mutane sun ci gaba da zama ɗaruruwan shekaru bayan sarauta ta koma Angkor.

Hujjar Ɗaya Ɓangaren

Mai kare fasahar yana da abin faɗa, kuma ya kamata a saurare shi. Zai ce ba don taswirar ba, da ba a san inda za a tona ba, domin babu wanda zai iya tone murabba'in kilomita 1,000 da cebur. Wannan gaskiya ce. Zai kuma ce mutanen da suka zana taswirar su ne dai suka zaro lakar, Evans ma yana cikin marubutan nazarin 2019, saboda haka babu wata gaba tsakanin masu hange da masu tono. Wannan ma gaskiya ce, kuma ita ce ta nuna inda matsalar take. Ƙwararrun da suka yi aikin sun san iyakar kayan aikinsu. Masu ɗauka daga hannunsu, wato 'yan jarida da marubutan littattafan karatu da manazarta na wasu fannoni masu neman misali, su ne suke ɗaukar hoto su bar sharuɗɗan da ke ƙarƙashinsa.

Ƙiyasin yawan jama'a misali ne mai kyau. A 2021 Sarah Klassen da abokan aikinta suka ƙiyasta cewa yankin Angkor ya ɗauki mutum 700,000 zuwa 900,000 a ƙarni na 13. Aiki ne na tsanaki, amma an gina shi ne hawa-hawa: yawan tuddai daga taswira, yawan gidaje a kan kowane tudu daga 'yan wuraren da aka tona, yawan mutane a kowane gida daga kwatance, shekarun wuraren bauta da dama kuma daga ƙirdadon kwamfuta bisa kamanninsu da waɗanda aka san shekarunsu. Marubutan sun bayyana wannan duka. Da adadin ya fita duniya, sai ya zama gaskiyar da ake maimaitawa tamkar an yi ƙidaya gida-gida.

Haka nan babu wanda zai ce yanayi bai taka rawa ba. Fare-faren sun auku, ambaliyar ta auku, yashin da ya cike magudanan kudu yana nan ana iya taɓa shi. Laka daga gwalalo ɗaya kuma ba ta isa ta yi magana da yawun birni mai wannan faɗi ba, domin manoman shinkafar bayan gari na iya samun tarihi dabam da na mazauna cikin ganuwa. Wannan gargaɗi yana kan kowane ɓangare. Abin da ya rage tabbatacce shi ne Angkor ta sha fama da matsalar ruwa a baya ta gyara, kamar yadda gyare-gyaren da ke jikin magudanan suka shaida. Tambayar da ta fi cancanta ita ce me ya sa a wannan karon ba a gyara ba. Wannan tambaya ce ta mulki da dukiya da imani, amsarta kuwa tana hannun mai karanta rubutun dutse da kundayen Sin da mai tono, tare da mai taswira.

Kango, Kufai da Ƙaura

Akwai kuma batun kalmar da ake kiran abin da ita. Hausa ta bambanta kango, wato ginin da ya lalace, da kufai, wato mazaunin da mutanensa suka tashi, da ƙaura, wato tashi daga wani wuri zuwa wani. Angkor ta ga dukkan ukun, amma a wurare dabam-dabam da lokuta dabam-dabam. Wasu wuraren bautarta sun zama kango, wasu unguwanninta sun zama kufai, sarautarta ta yi ƙaura, Angkor Wat kuma bai taɓa rasa masu ibada ba. Harshen Khmer bai mutu ba, sarautar Khmer ba ta yanke ba, manoma ba su daina shuka shinkafa a fangalan filin ba. Kalmar faɗuwa tana haɗiye duk waɗannan bambance-bambance, tana auna rayuwar al'umma da ma'aunin fada da dutse kawai.

Wannan ya wuce gardamar kalmomi, domin akwai masu rai a wurin. Yankin da hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 1992 yana da faɗin kimanin murabba'in kilomita 400, kuma akwai ƙauyuka fiye da 100 a cikinsa. Daga 2022 gwamnatin Kambodiya ta shiga kwashe iyalai kimanin 10,000 daga yankin zuwa sababbin matsugunai irin su Run Ta Ek. Gwamnati ta ce da yardarsu suka tashi kuma don kare wurin tarihi ne, ƙungiyar Amnesty International kuwa ta ce a rahotonta na Nuwamba 2023 korar dole ce. Babu mai cewa laida ce ta jawo wannan. Sai dai yana da kyau a lura cewa hanyar sarrafa hotonta ta ginu ne a kan share itatuwa da gidajen yau domin ƙasar da ta fito fili. Wannan mataki ne na aiki wanda babu makawa sai an yi shi, amma hoton da yake haifarwa, na fili fayau babu kowa, yana kama da hoton da Turai ta ɗauka daga littafin Mouhot. Manazarcin da ya nuna irin wannan hoto yana da alhakin faɗa wa masu kallo abin da aka goge kafin hoton ya yi kyau haka.

Kammalawa

Leƙen ƙasa daga sama ya dawo wa talakawan Angkor da matsayinsu a tarihi, domin ya nuna tuddan gidajensu da kududdufansu da iyakokin gonakinsu, bayan an daɗe ana ganin sarakuna da gumaka kaɗai. Ya kuma karya labarin gudun jama'a a dare ɗaya. Amma a kan tambayar dusashewar birnin, matsayinsa shi ne na mai nuna inda za a tona da abin da za a tambaya. Shaidar da ake da ita a yau ta fi karkata ga janyewa a hankali wadda ta fara daga sama, daga masu iko da dukiya, tun farkon ƙarni na 14, sannan fari da ambaliya da yaƙi suka zo suka ƙarasa abin da sakaci ya fara.

Abin da ya kamata a nema daga duk wani nazari irin wannan a bayyane yake. Kowace taswira ta zo da bayanin ɓangaren da aka tabbatar da ƙafa da wanda aka tabbatar da tono da wanda har yanzu zato ne. Kowace magana a kan dalili ta jira shekaru daga laka ko gawayi ko rubutu. Kuɗin da ake warewa jirgi kuma a ware kwatankwacinsa ga tono da awon shekaru da horar da masana 'yan Kambodiya, waɗanda za su ci gaba da aikin a unguwannin bayan ganuwa da ƙauyukan manoma, inda mafi yawan mutanen Angkor suka rayu kuma inda aka fi ƙarancin tonawa.